Injin CNC ɗin bitarmu yana yanka abin da ba mu zana ba, dan Allah a taimaka

Malamin Bita: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu harkar CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke tuƙawa, dan Allah ku matso. Muna da ƙaramin injin milin mai aksis uku a ɗakin bitar makarantar da nake koyarwa, wata tsohuwar kwamfuta ce ke tuƙa shi da manhajar Mach3, yara kuma suna zane su fitar da hanyar bit, wato ƙarfen da ke yankan, a manhajar Fusion 360 a laftof ɗinsu. A allo komai sumul, simuleshan ba ja ba gargaɗi, amma da an sa fayil a inji duk inda zane yake da 'yar kwana mai lanƙwasa sai ya buga wata ƙatuwar da'ira da babu ita a zanen, wani lokacin ma ya ƙi tashi ya rubuta wai radiyos ɗin farko da na ƙarshe ba su yi daidai ba. Sannan dogon aiki baya ƙarewa, a tsakiya yake tsayawa cak. Jarabawar aikin hannu ta ƙarato kuma alminiyon da muka sayo ya kusa ƙarewa a gwaji, abin na damuna wlh.

Injiniya Kakuri: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, da wane fos (post processor) aka fitar da G-kod ɗin, wato rubutun umarnin da inji ke bi? Buɗe fayil ɗin a Notepad ka kwafo mana layi goma na farko.

Malamin Bita: Na kwanturolan Fanuc yaran suka zaɓa, wai shi suka ga ana amfani da shi a bidiyo. A sama akwai G90 G94 G17, sai G21, sai G28 G91 Z0.

Injiniya Kakuri: To Malam ga da'irarka nan. Simuleshan ɗin Fusion ba G-kod yake nuna maka ba, hanyar da shi ya lissafa a cikinsa yake nunawa, fos shi ne ke mayar da ita rubutun da inji zai karanta kuma kowane kwanturola da irin karatunsa. G02 da G03 su ne lanƙwasa, I da J da ke biye da su su ke faɗin inda cibiyar da'irar take. Fanuc yana ƙirga I da J daga wurin da bit yake tsaye a farkon lanƙwasar, Mach3 kuwa yana da zaɓi biyu, ko ya ƙirga haka ko ya ƙirga daga ziron aikin gaba ɗaya. Naka na kan na biyun. Misali bit na tsaye a X40 Y10 aka ce I5 J0, nufin fayil cibiya tana X45 Y10, radiyos mili 5, amma injinka ya ɗauka cibiya tana X5 Y0, ka ga radiyos ya haura mili 36 kenan. In lissafin ya ƙi haɗuwa sai ya ba ka wancan saƙon, in ya haɗu da kyar sai ya yanka maka faranti.

Injiniya Kakuri: Shiga Config, General Config, nemi IJ Mode ka mayar da shi Inc. Amma gyaran gaskiya shi ne yara su daina ɗaukar fos na Fanuc, akwai na Mach3 a cikin Fusion ɗin, shi da kansa yake saka G91.1 a layin farko ya tilasta wa inji karatun da ya dace ko wani ya taɓa setin.

Ɗan Rigasa: Oga ni ma na sha wannan da rauta ɗina na katako, amma ni manhajar GRBL ce a kan allon Arduino, error 33 yake ba ni a wajen lanƙwasa, in kuma fayil yana da M06 sai error 20

Injiniya Kakuri: Naka daban ne ɗan uwa duk da dangi ne. 20 yana nufin ka ba shi umarnin da bai sani ba, GRBL bai san canjin bit na M06 ba, bai san G41 da G42 na gyaran faɗin bit ba, bai san G81 na huda ba. Ka ɗauki fos na GRBL kawai. Mu gama da Malam tukuna.

Malama Mai Kwamfuta: Malam wannan tsayawar da yake a tsakiya, ka lura a layi na nawa ne? Duba lambar da ke gefen tagar G-kod ɗin. In kullum wajen 500 ne to ba lalacewa ba ce, Mach3 ɗin da ba shi da lasisi iyakarsa kenan. Duba can saman allo, in ka ga an rubuta Demo shi ke nan.

Malamin Bita: Allahu Akbar, Demo ne a rubuce Malama. Kwanaki faifan kwamfutar ya mutu aka sake zuba mata Windows, ashe fayil ɗin lasisin ya tafi da tsohon faifan.

Malama Mai Kwamfuta: Mach1Lic.dat sunansa, ɗan mitsitsin fayil ne da ake ajiyewa a cikin foldar Mach3. Bincika faifan CD ko filashin da ya zo da injin, ko a tuntuɓi wanda ya kawo shi. Kuma tunda an sake zubi to setin ɗin injin ma ya tafi, shi ya sa IJ ɗin ya juya, duk suna cikin fayil ɗin XML na furofayil ɗin. Wanda ya zuba maka ƙila ya cika lambobin mota da ka ne kawai, sai an auna kafin a yarda da su.

Ɗan Rigasa: Malam zo Kasuwar Barci akwai yaron da zai saka maka wanda aka fasa, minti goma an gama

Malama Mai Kwamfuta: A'a dan Allah kar a fara. Ban da hakkin masu shi, wannan inji ne mai juya ƙarfe a gaban 'ya'yan mutane, ba wanda ya san me aka taɓa a cikin wanda aka fasa, kuma da shi ƙwayar cuta ke shigowa. Makarantar da ta iya sayen inji ta iya biyan lasisi. In kuɗin ne babu, ga LinuxCNC kyauta ne halak, ba iyakar layi, kuma irin wannan tsohuwar kwamfutar mai faralal fot yake so, sai dai a fara yi mata gwajin latensi, wato saurin amsawarta, a ga ko za ta iya.

Injiniya Kakuri: Malam akwai abin da ya fi da'irar nan ba ni tsoro a layukan da ka turo, wato G28 G91 Z0. Injin yana da suwic na hom, masu nuna masa gidansa? Kuma kuna danna Ref All Home duk sanda aka kunna?

Malamin Bita: Yana da su amma gaskiya ba ma dannawa, ziron aiki kawai muke sa wa a saman ƙarfen. Kuma tunda ka faɗa, akwai ranar da bit ya gangara ƙasa da gudu tun kafin sifindil mai juya shi ya tashi ya soki bayis ɗin da ke riƙe aikin ya karye, muka ɗauka yaron ne ya yi kuskure a zane har na yi masa faɗa.

Injiniya Kakuri: Ba laifin yaron ba ne. Ziro biyu ne a inji, akwai na injin kansa akwai na aiki wato G54. G28 cewa yake koma gidanka na inji, a injin da aka yi wa hom gidan Z yana can ƙololuwa saboda haka bit sama zai yi ya kauce wa komai. In ba a yi hom ba kuwa inji bai san inda yake ba, duk inda lissafinsa ya nuna masa sifili nan ne gida, in wurin yana ƙasa da saman bayis to ƙasa zai nufa kuma da cikakken gudun G00 ba da fid ba, wato saurin tafiyar yanka. Ko dai hom ya zama abu na farko bayan kunna wuta, ko a cikin fos ɗin a canza Safe Retracts daga G28 zuwa Clearance Height. Ni na farkon nake so ga ɗalibai saboda duk masana'antar da za su je haka za su tarar. Ka leƙa teburin bit na Mach3 ma, in fayil yana da G43 H1 kuma akwai wata tsohuwar lamba a tsawon bit na ɗaya, za ta ƙaru a kan Z ɗinka ba ka sani ba.

Baba Panteka: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, yaro na ne ke rubuta min. Ni tambayata ɗaya Malam, lokacin da bit ya nufi bayis ina hannun yaron yake? Mu a injin juya ƙarfe ba ka sakin hannu sai ka ji kukan yankan ya daidaita. Yaran yanzu ido na kan allo, ƙarfe na ihu a gabansu ba su ji. Ku fara ba su lez, wato injin juya ƙarfen, da milin na hannu shekara guda su san zafin ƙarfe, su san bambancin kukan alminiyon da na baƙin ƙarfe, sannan a zo maganar kwamfuta. Mutanen da suka riƙe Kakuri ta Kaduna lokacin da masana'antar makamai ta DICON ta tashi a 1964 da PAN da ta fara haɗa motar Peugeot a 1975 ai da hannu suka koya.

Ɗalibar HND: Baba Allah ya ƙara girma, amma shekara guda ta yi yawa fa, zangon karatun gaba ɗaya nawa yake. Kuma aikin da ake nema yanzu an canza, mai son mol na roba ko faranti mai ramuka ɗari iri ɗaya ba zai jira hannu ba. Mu matsalarmu ba rashin son ƙarfe ba ce, inji ɗaya ne ajin kuma ya cika, kafin layi ya zo kanka an ɗauke wuta, dole allo ya zama inda muka fi daɗewa.

Baba Panteka: 'Yata ban ce a jefar da kwamfuta ba. Mu ma nan Panteka masu yankan faranti da CNC sun shigo kuma muna kai musu aiki. Cewa nake wanda bai taɓa jin bit ya cije a hannunsa ba in kwamfuta ta ba shi lambar banza karɓa zai yi.

Injiniya Kakuri: Baba na da gaskiya a nan, ɗaliba ma na da tata. Ni abin da na gani a wajen masu zuwa mana IT ba hannun ne kaɗai ya yi ƙaranci ba, karatun G-kod ɗin ne babu sam. Yaro ya iya adaftif kiliyarin, wato salon kwashe ƙarfe na Fusion, mai kyan gani amma ka nuna masa G21 bai san mili ake nufi ba, G20 kuma inci, alhali tsakaninsu ninki 25.4 ne. Duk matsala ukun da Malam ya kawo a layi goma na farko suke ko a saman allo, ba wadda ke cikin zanen. Harshen nan ba sabo ba ne, tun 1952 aka nuna injin milin na farko mai bin lambobi a MIT ta Amurka, kuma kalmomin da ake buƙata kullum ba su fi ashirin ba. Malam kafin kowa ya taɓa Fusion sa shi ya rubuta murabba'i mai kwana ɗaya lanƙwasasshiya da biro a takarda, ya buga a Notepad, a ɗaura alkalami ko a sa katako inji ya bi. Wanda ya lissafa I da J da kansa sau ɗaya ba zai ƙara kallonsu a matsayin ado ba. Kuma ya saba da sa ɗigo, a Fanuc da yawa in ka rubuta X10 ba ɗigo 0.010 zai karanta ba mili goma ba.

Ɗalibar HND: Wannan kam na yarda, mu sai a shekarar ƙarshe aka nuna mana kuma a allon aji kawai

Malama Mai Kwamfuta: Bari in dawo kan kwamfutocin dan nan ne nake ganin ɓarna a makarantu. Kwamfutar da ke jikin inji ba ta ɗalibai ba ce, ba ta buga takardar ofis ba ce, ba ta cajin waya ba ce. A cire ta daga intanet kwata-kwata, a kashe barcin allo da na faifai da sabuntawa ta kai tsaye, dan Windows na iya cewa zai sake tashi ana tsakiyar yanka. Direban faralal fot na Mach3 a Windows mai bit 32 kawai yake aiki, XP ko 7, kuma a kan desktof, laftof na wasa da wutar furosesa yana ɓata bugun da ake aika wa motoci. Wayar nan ta USB zuwa faralal ta firinta da ake sayarwa a kasuwa ba ta yi, kar a ɓata kuɗi, in dole sai sabuwar kwamfuta mai bit 64 to sai an sayi abin sarrafa motsi irin UC100. Windows 7 tun Janairun 2020 aka daina ba shi kariya, Windows 10 ma ya bi a Oktoban 2025, wannan ba komai ba ne ga kwamfutar da ba ta shiga intanet amma filashi shi ne ƙofar, kun san cutar nan mai mayar da fayiloli shotkot, ɗalibi ɗaya ya zo da ita daga shagon buga takardu ta gama da kowa. Filashi ɗaya tak na bita, a ɗaure shi da igiya a jikin teburin in ta kama, fayil ya bi ta kwamfutar malami a duba shi sannan ya shiga.

Malama Mai Kwamfuta: Kuma in an gama gyaran nan a kwafi foldar Mach3 ɗungurungum a ajiye wuri biyu, ɗaya a ofis ɗaya a wajenka Malam. Ga hunturu na tafe, ƙurar nan da garin alminiyon in suka taru a cikin akwatin kwamfuta fanka ke fara tsayawa sai zafi sai daskarewa, a riƙa hure ta duk ƙarshen wata, kuma kar a ajiye ta a ƙasa gefen da inji ke watso gari.

Ɗan Rigasa: Malama maganar wuta fa? ni da janareto ya ɗan yi tari sai USB ya yanke aiki ya lalace

Malama Mai Kwamfuta: UPS ga kwamfuta da kwanturola ko ƙarami ne, ba dan ya riƙe sifindil ba, dan ka samu ka danna tsayawa ka rubuta lambar layin. Amma yankewar USB ba kullum daga janareto ba ne, inbatar sifindil tana watsa hayaniyar lantarki, ka sa gajeriyar waya mai rufi da zoben ferayit, kar ta kwanta tare da wayar sifindil, kuma ka tabbata akwai wayar as (earth) ta gaske da aka kafa a ƙasa, gine-gine da yawa ramin soket na ukun ba a haɗa shi da komai ba.

Malamin Bita: Malama wani ciwon kan shi ne Fusion ɗin kansa, lasisin ɗalibai kyauta ne amma duk shekara sai an sabunta, sai an shiga da intanet, ranar da ya ga dama ya ce sai ya sauke sabuntawa kuma rabin ajin ba su da data.

Malama Mai Kwamfuta: Shi ya sa nake sa FreeCAD a kwamfutocin ɗakinmu, tun fitowar 1.0 a Nuwamban 2024 ɓangaren CAM ɗinsa mai fitar da hanyar bit ya isa koyar da fuska da aljihu da huda da kewaye, ba rajista ba data. Bai kai Fusion santsi ba, ban ɓoye ba. Mastercam ma na da na koyo kyauta sai dai ba ya fitar da G-kod, kallo ne kawai. Ko da wanne aka yi, a buɗe fayil ɗin ƙarshe a CAMotics, shi G-kod ɗin kansa yake bi ba zanen ba.

Injiniya Kakuri: Ƙari a kan na Malama, Mach3 ma yana zana hanyar a tagarsa da zarar an loda, da an kalla da an ga da'irorin nan tun kafin a danna Cycle Start. Bayan nan a ɗaga Z sama da aikin kamar mili 50 a gudanar a iska, layi-layi da Single Block, fid a rage, yatsa a kan jan maɓallin tsayarwa kamar yadda Baba ya ce.

Baba Panteka: Kuma a naɗe hannun riga, mai hijabi ta soke shi cikin rigar aiki, ba safar hannu kusa da abin da ke juyawa. Tabarau dole.

Malamin Bita: Jama'a Allah ya saka da alheri. Yau na gwada, na canza IJ, muka ɗauki fos na Mach3, muka yi hom, da'irori sun ɓace bit kuma sama yake yi. Lasisin ma an samo shi a CD ɗin da ke cikin kwalin injin a sito. Saura abu biyu, aljihun da muka zana mili 30 ya fito 30.35 ta kowane ɓangare, sannan alminiyon na narkewa yana liƙe wa bit.

Injiniya Kakuri: 0.35 ɗin nan ta tona kanta. Auna faɗin bit ɗin da kalifa, na tabbata kwatan inci ne wato 6.35 aka sayar muku a matsayin mili 6, a kasuwa a gwangwani ɗaya ake zuba su. Gyara faɗin a Fusion ka sake fitarwa, kuma duba kolet ɗin da ke riƙe bit kar a matse 6.35 a na 6. Da kuskuren yana ƙaruwa da tsawon aiki ne da sai mu ce Steps per ne, wato yawan takun mota a mili ɗaya, mota mai taku 200 da maikurosteb 8 a kan sukuru mai mili 5 taku 320 ne a mili ɗaya, ka duba naka duk da haka tunda an sake zubi. Liƙewar kuma bit mai baki nawa ne, gudu nawa fid nawa?

Malamin Bita: Baki huɗu, gudu juyi 12000 a minti, fid mili 100 a minti dan muna tsoron karyewa

Injiniya Kakuri: Tsoron ne ke ƙona shi. Raba 100 da 12000 sau 4, kowane baki 0.002 yake ɗiba, wannan shafa ce ba yanka ba, zafin da ya kamata gari ya tafi da shi yana zama a bit. Nemi mai baki biyu dan gari ya samu hanyar fita. In bit ɗin ƙarfen HSS ne sauko wajen 4000, baki biyu kowanne 0.03 ya ba ka fid 240, zurfi rabin mili zuwa ɗaya a ƙaramin inji irin naku, kuma ya shiga da gangara ko murɗawa kar ya soka kai tsaye.

Baba Panteka: A ɗiga masa kananzir kaɗan da buroshi, haka muke wa alminiyon tun da can, amma kaɗan fa kuma ba wuta kusa. Garin ya fito ɓarɓashi mai sheƙi, in ya fito kamar toka ƙara fid. Wanda ya liƙe ɗin kar a yar, a kawo min in cire. Malam in ka ga dama turo yaran ranar Asabar da safe rukuni-rukuni su riƙe lez na awa biyu, ina da guntayen ƙarfe da ba na komai da su, kowa ya zo da rufaffen takalmi.

Ɗalibar HND: Baba har da mu 'yan wata makarantar?

Baba Panteka: Har da ku 'yata, amma ku biyar-biyar, shagon ba shi da faɗi.